Koya wa yaran Sakkwato tarihin jirgin ƙasa

Malama, kin ce ɗalibanki ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba, ta ina za ki fara. Ni dai a ganina, ki fara da abin da suka sani: jar akuyar Sakkwato. Ki tambaye su, fatarta da ake kai wa Turai, ta wace hanya take fita? Daga nan labari zai buɗe.

Dogo ya isa Kano a 1911, reshen Zariya kuma ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Kaura Namoda a 1929. Bai ƙaraso birnin Shehu ba har yau. Fata da gyaɗa da auduga sai an kai su tasha a kan jakuna da raƙuma, daga baya a mota, sannan a zuba a tarago. Kasuwa da baƙi suka taru a bakin tasha, Gusau ta bunƙasa.

Ki zana layin a ƙasa da toka, yara su jeru su zama taragu, wani ya sayar da tikiti. Na zamani kuwa, nuna musu bidiyon jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, su kwatanta da tafiyar mota.