Koyar da ilimin muhalli ba tare da ɗakin gwaji ba

Malama, kin tambayi yadda za ki koyar da 'yan SS2 da SS3 ilimin muhalli mai zurfi alhali makarantarku ba ta da ɗakin gwaji. A ganina Kaduna kanta ta ishe ki.

Ki fara da ruwa. Su ɗebo kwalba ɗaya daga rijiya, ɗaya daga kogin Kaduna, ɗaya daga kwatar unguwa, a bari ya kwana, su auna lakar da ta kwanta da rula. In babu takardar litmus ta gwada tsamin ruwa, ruwan zoɓo ya wadatar: ja yake a cikin tsami, ya juya kore-kore a ruwan toka. Daga nan maganar pH, wato ma'aunin tsami, ba ta ba su wuya.

Da hunturu kuwa, a shafa basilin a farin kwali, a rataya ɗaya bakin titi, ɗaya bayan aji, kwana uku. Su kwatanta ƙurar da ta manne a kowanne. Sai ki nuna musu kwarin Bodele na Chadi a taswira, inda ƙura mai yawa ke tasowa.

Darasin da ya fi kama ɗalibaina shi ne gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400. Ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gida, ƙurar ta shiga ƙasa, ta shiga bakin yara. Ajin kan yi tsit.

Sauyin yanayi ki bar shi zuwa zango na uku. Na taɓa farawa da shi, haddar lambobi kawai suka yi.