Za mu iya mai da gidan gado shaguna da bene?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida a Tarauni cikin Kano, taku kaɗan zuwa kasuwar waya ta Farm Centre. Kullum sai masu gyaran waya da samari masu koyar da kwamfuta sun zo neman shago. Muna so mu rushe, mu fitar da shaguna a ƙasa, mu ɗora ɗakunan haya hawa biyu. Yayanmu ya ce jan fentin rusau za mu jawo wa kanmu. Ba gidanmu ba ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Gidanku ne, amma ku ji maganar yayanku. Tun dokar ƙasa ta 1978, filin birni amana ne a hannun gwamna, kuma takardar mallaka tana faɗin abin da aka ba da filin dominsa. In na zama ne, sai kun nemi izinin sauya manufa, sannan ku kai zane KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, ta sa hannu kafin a kafa bulo ɗaya. Wanda ya ga rusau na 2023 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ni dai ina bayanku a kan benen. A Kalifoniya ta Amurka, garuruwan da Google da Apple suke sun daɗe da dokar gida ɗaya na iyali ɗaya a yawancin filotai. Ma'aikata masu albashi mai tsoka suka yi ta kwararowa, gidaje ba su ƙaru daidai da yawan jama'a ba, haya ta gagari malaman makaranta. Sai a 2021 jihar ta yi dokar da ta yarda a raba filoti biyu a ƙara gini. Mu ma mun kama hanya: yaro yana gyaran waya a Farm Centre, yana kwana Mariri, rabin cinikinsa mai adaidaita sahu ne ke karɓa.

Sai dai maƙwabci ma yana da tasa hujjar. Tagar bene da ke leƙa tsakar gidan mutum, iyalinsa na tsakiyar girki, ta isa ta ɓata zumuncin shekara 40, balle ƙarar janareta da babura a bakin zaure. Ku fara zuwa wajen maƙwabta da mai unguwa kafin mai zane, ku kuma gaya wa mai zanen tagogin sama titi za su kalla.