Ɗana zai iya shiga aikin sa kai na ranar Martin Luther King?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni 'yar zangon Kumasi ce amma muna zaune a Bronx, Amurka. A nan duk Litinin ta uku ta watan Janairu hutu ne na tunawa da Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar ƙwato wa baƙaƙen Amurka haƙƙinsu, toh makarantar ɗana (shekararsa 16) ta sa shi cikin masu aikin sa kai ranar, za su zuba kayan abinci a kwalaye a raba wa marasa gida. A zauren ƙasa na wani coci za a yi, an ce za a fara da addu'a da waƙoƙi, har malamarsu ta ce tunda shi musulmi ne ya zo ya yi wa King addu'a irin tamu. Wan mijina ya ce duk haramun ne, idin kafirai ne, wai ma me ya haɗa mu da harkar baƙaƙen Amurka. Yaron kuma yana son zuwa. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, ki bar shi ya je ya yi aikin, ciyar da mai yunwa ko wane addini yake bi alheri ne, wannan babu saɓani.

Inda hukuncin ya canza shine maganar malamar nan. King fasto ne na cocin Baptist kuma yana kan addininsa har aka kashe shi a birnin Memphis ranar 4 ga Afrilu 1968, kuma ba a nema wa wanda ya mutu ba a kan musulunci ba gafara ko rahama. Nana Aisha ta tambayi Annabi (SAW) game da Abdullahi ɗan Jud'an, mutumin da ya yi suna da ciyarwa da sada zumunci a jahiliyya, ko hakan zai amfane shi, ya ce a'a, don bai taɓa cewa ya Ubangiji ka gafarta min kurakuraina ranar sakamako ba. Toh yaron ya gaya wa malamar cikin ladabi cewa addininsa bai ba shi wannan ba, kuma ya isa wurin bayan an gama addu'o'i da waƙoƙin. In an ba shi dama ya yi magana a wajen aiki, ba cikin ibadarsu ba, ya karanta ayar Hujurat da ta ce an yi mu al'ummomi da ƙabilu don mu san juna, ya fassara musu, ya faɗi alherin mutumin. Zauren ƙasa da aka jera tebura ake ɗaure kwali kuwa ɗakin aiki ne, shigarsa ba laifi.

Sai maganar wan mijinki cewa idi ne. Ba daga kansa ya ƙirƙiro ta ba, akwai manyan malamai da ke ganin duk ranar da take zagayowa shekara shekara ana taruwa ta zama idi, suna kafa hujja da hadisin Anas, lokacin da Annabi (SAW) ya zo Madina ya tarar suna da ranaku biyu na wasa ya ce Allah ya musanya muku da mafi alheri, Fitr da Adha, sai su haɗa da hadisin kamanceceniya da wasu mutane. Muna girmama su amma ni ban ga wannan ranar ta shiga ciki ba. Wa ya kafa ta? Majalisar dokokin Amurka ce, shugaba Reagan ya sa hannu a 1983, aka fara hutun a 1986, sai a 2000 ma duka jihohi 50 suka karɓa bayan doguwar jayayya ta siyasa, kuma a 1994 shugaba Clinton ya sa hannu a dokar da ta mayar da ita ranar yi wa jama'a hidima. Babu wata ibada da doka ta ɗora wa ranar, ba kamar Kirsimeti da Ista ba waɗanda tushensu aƙida ce da muka yi imani ɓata ce. In coci ta yi nata taro ranar wannan nata ne, shi muka ce yaro ya kauce wa. In kuwa za a ce duk abin da ke zagayowa idi ne, toh sai wan mijinki ya haramta hutun 6 ga Maris na 'yancin Gana da ranar ma'aikata da ranar yaye ɗalibai, kuma ko kwamitin fatawa na Saudiyya da ya tsananta a wannan babi har ya hana bikin ranar ƙasa, ya ware abin da aka tsara don maslahar jama'a irin makon kiyaye dokokin hanya ya ce al'ada ce ba bidi'ar addini ba. Kamanceceniyar da aka hana ita ce a abin da ya keɓanci addininsu, ciyarwa kuwa tamu ce tun kafin a san Amurka.

Yaba adalcin wanda ba musulmi ba bayan mutuwarsa shi ma yana da asali. Muɗ'im ɗan Adiyyu ya mutu mushriki, amma shi ya ba Annabi (SAW) kariya da ya dawo daga Ɗa'ifa, kuma ranar Badar Annabi ya ce da Muɗ'im na raye ya yi min magana kan fursunonin nan da na sakar masa su. Hilful Fudul, ƙawancen ƙwato wa wanda aka zalunta haƙƙinsa, a gidan ɗan Jud'an ɗin nan aka ƙulla shi, Annabi ya ce da za a kira shi zuwa irinsa a musulunci da ya amsa. Kinga ɗan Jud'an mutum ɗaya ne, an yaba aikinsa, an kuma faɗi gaskiyar makomarsa. Sharaɗi ɗaya, kada yaro ya ɗauka ranar tana da wata falala ta musamman wajen Allah.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ma ba wannan ba ne, kalmar nan ce ta "me ya haɗa mu da su". Subhanallah. Wannan raini da wasu 'yan Afirka ke yi wa baƙaƙen Amurka ragowar jahiliyya ce, kuma butulci ne. Mutanen nan sun yi kwana 381 suna ƙaurace wa bas suna takawa a ƙasa a birnin Montgomery don kada a ƙara tayar da baƙar fata daga kujerar bas, an sakar musu karnuka, an ɗaure su, har aka samu dokar haƙƙin jama'a ta 1964 da ta zaɓe ta 1965, kuma a cikin wannan guguwar ce aka soke tsarin shige da fice da ke fifita Turawa a 1965, wanda ya buɗe ƙofa ga mutanen Afirka da Asiya. Wan mijinki inuwar bishiyar da wasu suka dasa yake sha yana zagin mai dashen. King ya je Memphis ne don goya wa masu kwasar shara baya a yajin aikinsu, kuma a Maris 1957 yana Accra wajen bikin 'yancin ƙasarku. Ga musulmi da yawa a cikinsu da kuke sahu ɗaya da su ranar Juma'a.

Amma ke kada ki tsaya gardama da shi, babba ne a gidan, ki ba mijinki wannan amsar su tattauna a matsayin wa da ƙani, kuma izinin uban yaron ake nema, ban ga kin ambaci ra'ayinsa ba.

Ki ja kunnen yaron kan gwangwanayen abinci, wasu akwai naman alade ciki, ya duba rubutun jiki, in layinsa ne ya roƙi a mayar da shi wajen shinkafa da taliya ko barguna. Kuma Janairu rana gajera ce a wajenku, wajen ƙarfe biyar magariba ta yi, azahar da la'asar kan kufce wa mutum yana tsakiyar aiki, ya fita da alwala ya san masallacin da ke kusa tun kafin ranar, don malamanmu na Malikiyya sun karhanta salla cikin coci. In da hali ki raka shi ko babansa ya raka shi, ɗan shekara 16 ne cikin samari da 'yan mata. Sannan ku yi wa limamin masallacinku magana, masallatai da dama a Amurka suna shirya nasu rabon abincin a wannan rana, in naku ya fara baɗi sai yaron ya yi nasa a can, kuma ya riƙa zuwa ko ba Janairu ba.

Wallahu a'alam.