Hukuncin tiyatar rage fatar ciki bayan haihuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Haihuwata biyar, biyu da tiyata. Fatar cikina ta saki har ta rufe marata, idan zafi ya yi ƙarƙashinta ya yi ta ƙuraje yana saɓulewa, ga wari. Likita ya ce tsokar cikin ma ta rabu. Maigida kuma ba ya rabuwa da yi mini gori. Ya halatta a yanke fatar a ɗinke? Wata malama ta ce mini canza halittar Allah ne.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba ki lafiya, Ya raya zuriya.

'Yar'uwa, da gorin miji kaɗai kika kawo, da na ce ki haƙura, don yanka jiki saboda ƙawa zalla bai halatta ba. Abin da ya sauya hukunci shi ne saɓulewar nan da rabuwar tsoka. Wannan cuta ce, kawar da ita magani ne. Idan an gwada magunguna da motsa jikin da likita ya tsara ba a dace ba, aikin ya halatta gare ki.

Malamar ba ita kaɗai ke kan wannan fahimta ba. Hujjarsu ita ce sakin ciki bayan haihuwa al'adar jiki ce, kamar tamojin tsufa, wanda ya taɓa shi ya faɗa cikin tsinuwar hadisin Ibnu Mas'ud, wanda a cikinsa aka tsine wa mata masu canza halittar Allah. To amma hadisin da kansa ya ɗaure hukuncin da "lil husni", wato don neman kyau, shi ya sa Imam Nawawi ya ce idan don magani ne ko gyaran aibi babu laifi. Sannan mu tambaye su: wace halitta aka canza? Allah Ya halicce ki tsokar cikinki a haɗe, ciki ne ya raba ta, likita mayar da ita zai yi inda take. Ga kuma Sahabi Arfaja ɗan As'ad da aka yanke wa hanci, Annabi (SAW) da kansa ya umarce shi ya sa na zinare. Kiyasi da tamoji kuma bai zauna ba, tamoji ba ya gyambo, ba ya wari. Da za a bi ƙa'idarsu, da an hana ɗinke matar da ta ƙaru wajen haihuwa, tunda ita ma al'ada ce. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Putrajaya a Malesiya cikin 2007, kan wannan rarrabewa ta tsaya.

Sai dai ba ki faɗa mini ko kin gama haihuwa ba. Wani cikin yakan warware ɗinkin, don haka likitoci ke cewa a jira. Kada wannan ya sa ki yarda a ɗaure miki mahaifa gaba ɗaya don aikin ya ɗore. Yanke haihuwa ba ya halatta sai da lalura ta gaske, kuma shafaffen ciki ba lalura ba ne.

Ki sani babban aiki ne: allurar barci, yanka daga ƙugu zuwa ƙugu, tabon da ba ya ɓacewa, ga haɗarin daskarewar jini da ruɓewar ɗinki, musamman ga mai ciwon suga ko ƙiba. Idan likita amintacce ya ce haɗarin ya rinjayi amfanin, hukuncin ya koma hani. Ki nemi ƙwararriyar likita mace, in babu ita sai namiji, ba tare da keɓancewa ba, a buɗe gwargwadon buƙata. Ki guji masu tallan rahusa a Instagram, kada kuma ki ci bashi ko ki sayar da gadonki.

Bayan aikin, ki yi salla a zaune har ki iya ruku'u, wajen wanka ki shafa a kan bandeji. Kada ki sa ranar a cikin Ramadan in kina da zaɓi.

Ki shawarci maigida kafin komai, ki kuma nuna masa amsar nan. Kai kuma maigida, cikin da kake gorantawa 'ya'yanka biyar ya ɗauka, sau biyu ana tsaga shi. Ka ji tsoron Allah ka kame bakinka, in kana da hali ka ɗauki nauyin maganin.

Wallahu a'alam.