Wuta-wuta ta mamaye gonata, me binciken jami'a zai yi mini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a yankin Funtua. Gonar masarata sai baya take yi, wuta-wuta ta mamaye ta, taki kuma ya fi ƙarfina. Muna jin ana bincike a jami'a, shin akwai abin da ya fito daga can da zai amfani irina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai, kuma ba nesa da kai ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wato IAR, tun 1922 take aiki, aka haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Duk irin da ka ji sunansa ya fara da SAM, kamar SAMMAZ na masara da SAMPEA na wake, ta hannunta ya fito.

Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, alama ce ta ƙasa ta gaji. Tana manne wa saiwar masara ko dawa tun a cikin ƙasa, ta yi ta tsotse ruwa da abinci, kafin ka ga furenta ta riga ta yi ɓarna. Tushe ɗaya yana zubar da dubban 'ya'ya, kuma suna iya shekara fiye da 10 a ƙasa suna jira. Ba sa tsira sai sun ji wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa.

A nan masu bincike suka kama ta. Waken soya da gyaɗa da auduga su ma suna fitar da irin wannan sinadari, 'ya'yan su tsira, su rasa abin mannewa, su mutu. Irin waken soya TGx 1448-2E na IITA, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, ya yi suna wajen wannan. Ga shi kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, masarar da ta biyo baya ba za ta buƙaci taki kamar da ba. Don haka ka raba gonar biyu: bana waken soya a ɓangare ɗaya, masara mai jure wuta-wuta irin SAMMAZ 15 a ɗayan, baɗi ka musanya. Ka ƙara da takin gida. Wadda ta fito kuma ka tumɓuke ta kafin ta yi 'ya'ya, ka ƙona a wajen gona. Kada ka sa rai a damina ɗaya, aikin shekaru ne.

Abin da ke ci mini rai shi ne, wannan sani ya daɗe a Samaru bai iso gonaki irin taka ba. Jami'ar tana da NAERLS, wadda aikinta shi ne horar da malaman gona da yaɗa sakamakon bincike, har ta rediyo. Amma malaman gona na jihohi sun yi ƙaranci ƙwarai, alhali a Funtua ɗin nan, tare da Gusau da Gombe, aka fara ADP a ƙasar nan, wato shirin bunƙasa aikin gona mai kai malaman gona wurin manoma.

Kada ka jira a zo maka. Ku haɗa ƙungiya da maƙwabtanka, domin iska da ruwa da dabbobi suna kwaso 'ya'yan wuta-wuta daga gonar wani zuwa taka. Ku je ofishin gona na yankinku ko Samaru ku nemi a yi muku gonar gwaji, iri kuma ku saya mai shaidar inganci tun kafin ruwa ya sauka.