Waya na dakushe ƙwaƙwalwar yara? Dalilin da masu bincike ba sa magana ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ɗan shekara 12 ya maƙale wa wayata. Yau in ji an ce bincike ya nuna waya na dakushe ƙwaƙwalwar yara, gobe in ji an ce ba komai. Wanne zan kama? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba kunnenki ne ya ruɗe ki ba, mudun da ake awon da shi ne bai cika daidai ba.

Kafin a ce waya ta yi wa yaro wani abu, sai an san yawan amfanin da ya yi da ita, kuma galibi tambayarsa ake yi: kira nawa a mako, minti nawa? Ke kanki, minti nawa kika yi a waya ranar Talatar da ta wuce? A Interphone, wani bincike na ƙasashe da dama kan wayar salula, da aka gwada amsoshin manya da ainihin bayanan kiransu, an ga sukan rage yawan kiran, su ƙara masa tsawo. Manya ke nan, balle yaro.

Ko mintin ma bai isa ba, domin siginar da waya ke fitarwa ce ake zargi da taɓa ƙwaƙwalwa. Waya kan ƙara ƙarfin siginar da take fitarwa idan sabis ya yi rauni, kuma kira a 2G ya fi na 3G fitar da sigina nesa ba kusa ba. Minti 10 a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis ba ɗaya yake da minti 10 a tsakiyar Kano ba.

A Melbourne ta Ostareliya, wani bincike na 2009 kan ɗalibai 317 ya gano masu yawan kira sun fi saurin ba da amsa a gwajin ƙwaƙwalwa, sun kuma fi yin kuskure. Sai dai haka aka gani ga masu yawan tura saƙo, alhali mai rubuta saƙo ba ya kara waya a kunne. Ashe ɗabi'ar gaggawa ta fi siginar zama abin zargi. A Suwizalan kuwa, a 2018, an bibiyi matasa kusan 700 tsawon shekara guda, aka ga 'yar raguwa wajen tuna siffofi, masu binciken da kansu suka ce sai an sake tabbatarwa.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta masu bincike na Jami'ar Monash a 2019, wadda ake kira Monte Carlo. Idan an ce yaro na kira 5 a mako, ba za a riƙe 5 ɗin kamar yankan wuƙa ba. Kwamfuta za ta yi ta maimaita lissafin, wani zubin da 3, wani da 8, a ga ko sakamakon zai tsaya ko zai yi ta lilo. Abin da ke fitowa tazara ce ta girman tasirin wayar, daga kaza zuwa kaza. In tazarar ta haɗa da sifili, ba a isa a ce akwai illa ba, ba a kuma isa a rantse babu ba. Wannan tazarar ce masu kanun labarai kan yar.

Tambaya: To, in ƙwace wayar ke nan?

Amsa: Ni dai ba zan ƙwace ba. In zai yi dogon kira, ya buɗe sifika ko ya sa iyafis, domin ƙarfin sigina na faɗuwa sosai da zarar waya ta ɗan nisanci kai. Abin da ya fi damuna barcinsa ne, don yaron da ya raba dare yana latse-latse, gyangyaɗi zai yi a aji. Bayan sallar isha'i, wayar ta kwana a ɗakinki.