Ina koyar da yarana a gida: wace manhaja ce ba za ta ɗaure ni ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna zaune a Houston ta jihar Texas a Amurka, kuma a bana na cire yaranmu uku daga makaranta domin in koyar da su a gida. Shekarunsu 7 da 10 da 13. Na sayi manhaja mai ɗauke da littattafan kowane darasi da jadawalin kowace rana, amma ba a yi wata biyu ba muka kasa bin ta. Na tsakiyan ya wuce ajinsa a lissafi, autar kuwa har yanzu da ƙyar take haɗa baƙi, ga kuma karatun Alƙur'ani da safe. Mai yiwuwa mu koma Kaduna nan da shekara biyu. Me zan saya? Daga wata uwa, Houston.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Irin wannan manhaja da ake sayarwa cikin kwali guda an tsara ta ne bisa zaton cewa yaro yana tafiya daidai da ajinsa a kowane darasi, alhali da wuya a samu yaron da haka yake. Shawarata ita ce ki daina neman guda ɗaya da za ta wadatar da komai. Ki zaɓa wa kowane yaro littafin lissafi da na koyon karatu gwargwadon inda ya kai, sauran darussan kuma ki tara su ukun a zama ɗaya.

Dokar jihar da kike ciki ta ba ki wannan dama. Tun hukuncin da Kotun Ƙolin Texas ta yanke a 1994, ana ɗaukar koyarwa a gida a matsayin makaranta mai zaman kanta, ba a neman rajista, sai dai a yi koyarwar tsakani da Allah, kuma ta ƙunshi karatu da rubuta kalmomi daidai da nahawu da lissafi da tarbiyyar zama ɗan ƙasa nagari. Da a New York kike, da sai kin miƙa tsarin karatun shekara tare da rahoto sau huɗu a shekara, saboda haka idan kuka sauya jiha sai ki sake duba doka.

A kan lissafi ya kamata ki fi kashe kuɗi da lokaci, domin shi ne darasin da giɓin bana yake bayyana baɗi. Manhajar lissafi da ake kira Singapore Math tana tsayawa a kan batu ɗaya har sai ya zauna, tana farawa da abin da yaro zai taɓa da hannu, sannan zane, sannan lambobi. Idan aka ce kuɗin Audu ya ninka na Binta sau uku kuma jimillarsu 48, yaro zai zana sanda ɗaya ta Binta da uku na Audu, ya ga kashi huɗu ne, ya raba ya samu 12, tun bai san aljabra ba. Wannan zai dace da na tsakiyan. Manhajar Saxon kuwa kowace rana takan ƙara ɗan sabon abu kaɗan, sannan ta jero tambayoyi kusan 30 na bitar abin da ya gabata, wanda yake taimakon yaro mai mantuwa amma yakan gundiri mai saurin fahimta. Duka biyun suna da gwajin tantance mataki, kuma sakamakon gwajin za ki bi wajen saye, ko da lambar ajin da ke bangon littafin ba ta yi daidai da shekarun yaron ba. Inda bayani ya shige miki duhu, darussan Khan Academy kyauta ne a intanet.

Ita autar, ki ba ta minti 15 zuwa 20 kullum a kan sautukan haruffa, ki tsaya kafin ta gaji. Gajeren darasi irin wannan yana cikin abin da Charlotte Mason, malamar Ingila da ta rasu a 1923, ta yi kira a kai, tare da wata dabara da za ta rage miki wahala a tarihi da kimiyya: ki karanta musu shafi biyu sau ɗaya, ki rufe littafin, kowa ya faɗi abin da ya ji da kalmominsa. Wannan ba hadda ba ce irin ta karatun safe. Autar za ta faɗa da baki, na tsakiyan ya rubuta layi biyar, babban ya cika shafi, duk daga littafi guda da kika aro a laburaren unguwa.

Kafin ki biya kuɗin kowane littafi, ki karanta samfurin shafukansa. Wasu manyan masu buga littattafan koyarwa a gida a Amurka, irin su Abeka da BJU Press, sun gina darussansu a kan aƙidar Kirista, har a kimiyya da tarihi, kuma ba su ɓoye hakan ba.

Batun komawa Kaduna ya fi shafar babban. Aji na 8 a Amurka, wato ajin tsararsa, yana daidai da aji 2 na ƙaramar sakandare a Najeriya, inda ake rubuta jarrabawar BECE a ƙarshen aji 3 bisa manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantun ƙasar. Ki sa a aiko miki da littattafan waɗannan azuzuwa tun yanzu, ki riƙa gwada su da abin da yake yi, musamman tarihin Najeriya da awo da mita da kilo, tunda a Amurka ya saba da awon tsawo da inci, na nauyi kuma da fam. Ki kuma buɗe wa kowane yaro fayil mai ɗauke da sunayen littattafan da ya gama da kwanan wata da samfurin aikinsa, domin shi za ki ajiye a gaban shugaban makaranta ranar da za a yanke ajin da za a sa shi.